Hoton Bayan Ido Ga Yaron da Ake Zargin Ya Gaji Ciwon Gani: Daga Shirin Gida Zuwa Karɓar Sakamako

Yawancin ciwon idon da muka sani a gida ana ganinsa da ido. Yanar ido takan sa baƙin ido ya yi fari, apolo yakan sa ido ya yi ja yana kwantsa, amosani yakan juyar da gashin ido ciki. Akwai kuma rukunin cututtukan da ba su nuna komai a waje. Idon yaro fes, ba ja ba kumburi, amma da magariba ta yi sai ya fara lalube yana tuntuɓe da kwanuka a tsakar gida, ko kuma malami ya aiko cewa ba ya iya kwafar abin da ke kan allo duk da yana zaune a layin gaba. Matsalar tana can bayan ƙwayar ido, a wani siririn tantani da likitoci ke kira retina, wanda shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa.

A cikin wannan tantani akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Na farko, masu kama da sanda, sun haura miliyan 90 a kowane ido, su ne ke aiki a duhu, kuma sun fi yawa a gefe-gefe. Na biyu ba su wuce miliyan 6 ba, suna aiki da rana, su ke bambance launi, kuma sun taru a tsakiya, wurin da ake kira makula, inda ake karatu da gane fuskar mutum. Idan yaro ya gaji tangarɗa a ɗaya daga cikin ƙwayoyin halitta sama da 250 da aka gano suna da hannu a aikin retina, sai ɗayan rukunin nan ya soma mutuwa a hankali, ko kuma ya zama bai taɓa aiki ba tun haihuwa. Mafi yawa a cikinsu ita ce ritinaitis figmentosa, wadda a takardar asibiti za ku ga an rubuta RP, tana samun kusan mutum 1 cikin 4,000 a duniya.

Abu ɗaya nake so iyaye su riƙe kafin mu shiga matakan: a farkon waɗannan cututtuka, likita zai iya leƙa bayan ido da fitilarsa ya ga komai daidai. An sha zargin yara da ƙaryar rashin gani, ko a ce gilashi kawai suke sha'awa, saboda wannan. Shi ya sa ba hoto ɗaya ake yi ba. Kowane yana kama abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Matakin farko: aikin da za ku yi a gida

Kafin na'ura ta taɓa yaro, labarin da kuka kawo shi ne ke gaya wa likita wane hoto zai fara nema. Ku ɗauki mako guda kuna lura, ku rubuta a takarda.

Da dare ya fi wahala ko da rana? Yaron da ke da dundumi, yana ƙin fita bayan isha, yana karo da abin da ke gefensa alhali yana iya tsintar allura a gabansa, ƙwayoyin gefe ne suka taɓu. Wanda kuma ke runtse ido da zarar ya fita rana, ya fi walwala da yamma, ba ya bambance ja da kore, matsalarsa ta tsakiya ce. A jariri, ku duba ko idanunsa na rawa ba sa tsayawa wuri guda, ko ya kai wata uku bai bin fuskar uwarsa da kallo, ko yana yawan danna idanunsa da yatsa ko da dunƙulen hannu. Wannan dannawar ba ƙiriniya ba ce, sananniyar alama ce ta makantar haihuwa da likitan Jamus Theodor Leber ya bayyana a 1869, wadda ake taƙaitawa LCA.

Sai tarihin dangi, kuma a nan ba a son kunya. Idan uwa da uba 'yan'uwa ne, auren zumunci, ku faɗa tun ba a tambaya ba, ku kuma faɗi yadda zumuncin yake. Da yawa daga cikin cututtukan nan sai yaro ya karɓi ƙwayar halittar da ta sami tangarɗa daga uba ya kuma karɓa daga uwa, alhali su biyun lafiyarsu ƙalau, kuma a irin wannan kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Wannan ba laifin ɗaya daga cikinsu ba ne, rabi da rabi suka ba da. Akwai kuma waɗanda ke bi ta wajen uwa su kama maza kawai, don haka uwa ta tambayi gidansu: akwai kawun yaron, wato wanta ko ƙanenta, ko mahaifinta, ko 'ya'ya maza na 'yan'uwanta mata, da ganinsa ya yi rauni tun ƙuruciya?

Ku haɗa da abubuwan da kuke ganin ba ruwansu da ido. Kurumta tun haihuwa tare da dundumi tana nuni ga ciwon Usher. Cindo a hannu ko ƙafa, ko da an cire shi tun yana jariri, tare da ƙibar da ta wuce kima, tana nuni ga ciwon Bardet-Biedl, wanda ke taɓa ƙoda. Yaron da yake gani garau sai a tsakanin shekara 4 zuwa 8 ganinsa ya yi ƙasa cikin watanni, musamman idan halinsa ya sauya ko farfaɗiya ta biyo baya, yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa na yara tare da na ido, domin ciwon Batten haka yake farawa. Ku faɗi ko yaron yana da sikila, da rukunin jininsa, SS ne ko SC. Ku faɗi ko ya yi ƙyanda mai tsanani, ko doguwar gudawa da rama, domin ƙarancin bitamin A ma yana jawo dundumi, kuma shi wannan yana warkewa da magani. Ku kwaso duk magungunan da ya daɗe yana sha da kwalayensu, musamman kulorokwin, wanda idan aka daɗe ana sha yakan yi wa makula lahanin da ya yi kama da na gado.

Alama ɗaya ba ta jira mako guda: idan tsakiyar baƙin idon ƙaramin yaro tana ƙyalli fari, ko da a hoton waya kawai kuka gani, ku tafi asibitin ido a ranar ko washegari. Yana iya zama sankarar retina, kuma ita rai take nema.

Mataki na biyu: ina za a je, kuma da wane shiri

Shagon yanka tabarau ba zai wadatar ba. Ana neman asibitin da ke da likitan retina ko likitan idon yara. A arewacin Najeriya akan tura irin waɗannan yara manyan wurare kamar Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Kafin ku kashe kuɗin mota, ku aika wani ko ku buga waya ku yi tambaya ƙarara kan gwaje-gwaje uku da za mu yi bayaninsu a ƙasa: kuna da OCT, kuma tana aiki a yanzu? Kuna ɗaukar hoton FAF? Kuna yin gwajin ERG, ko ina kuke turawa? Na'urar ERG ta fi sauran wuyar samu, kuma sau da yawa sai an haɗa asibiti biyu kafin a kammala.

Ku nemi a ba ku safiya. Yaro ya yi barci sosai, ya karya, sai fa idan an ce za a sa shi barci da magani. A wanke kwalli tas. Ku riƙo tsohon gilashinsa, da katunan asibitin baya, da hular hana rana ko baƙin tabarau, da ɗan abin ci, domin aikin yakan ci rabin yini. Idan yaron ya kai shekara huɗu, ku yi atisaye a gida: ya ɗora haɓarsa a kan jingar kujera, ya jingina goshi, ya kalli wani ɗigo a bango ba ya motsi kuna ƙirga goma. Yaron da ya saba da wannan wasa yakan gama hoto cikin minti biyar. Ku gaya masa gaskiya, cewa maganin zai ɗan yi zafi, fitila za ta haska, amma babu allura.

Mataki na uku: auna gani da ɗiga magani

Za a fara auna ganin kowane ido shi kaɗai, da haruffa ko da hotuna gwargwadon shekarunsa, a gwada launi, sannan a ɗiga maganin da ke buɗe ƙofar baƙin ido. Waɗanda aka saba amfani da su sun haɗa da tropicamide da cyclopentolate da phenylephrine. Suna yin yaji na ɗan lokaci kaɗan. Uwa ta kwantar da yaro a cinyarta, bayan an ɗiga ta danna lungun idon da ke kusa da hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu, don kada maganin ya gangara hanci ya shiga jini.

A littafi minti 20 zuwa 30 ne, amma idon baƙar fata ya fi jinkirin buɗewa, ba abin mamaki ba ne a sake ɗigawa a jira minti 45. Kada ku matsa wa ma'aikaci ya ɗauka kafin ya buɗe, hoton zai fito da duhu a gefe, kuma a gefen ne RP ke farawa. Bayan an gama, yaro zai ga dishi-dishi a kusa, haske zai dame shi, wani lokaci har zuwa washegari. Idan fuskarsa ta yi zafi ta yi ja, ko ya fara surutai marasa kan gado, ku sanar da nas nan take.

Yayin da maganin ke aiki za a auna lambar gilashinsa. Ko da ciwon na retina ne, gilashi yakan ƙara wa yaro abin da ya rage masa, kuma lambar kanta alama ce ga likita.

Mataki na huɗu: hoton launi

Wannan shi ne hoton da aka fi sani: jan faifai, da jijiyoyin jini suna fitowa daga wani zagaye mai haske. Kyamarar da aka saba da ita tana kama digiri 30 zuwa 50 ne kawai na bayan ido, wato tsakiya. Akwai mai faɗi irin ta kamfanin Optos da ke kama har digiri 200 a ƙiftawa guda, kuma ta dace da yara domin ba ta ɓata lokaci. Inda babu ita, mai ɗauka yakan sa yaro ya kalli sama, ƙasa, dama da hagu, a haɗa hotunan.

A RP da ta yi nisa za a ga baƙaƙen zane-zane masu tsini a gefe, jijiyoyin jini sun sirance, kan jijiyar gani ya koɗe. A ciwon Stargardt, wani ciwon gado da ke taɓa makula wanda Karl Stargardt ya bayyana a 1909, akwai ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa kewaye da makula. A ciwon Best, shi ma na gado ne, akwai wani zagaye a tsakiya da likitoci da kansu ke kwatantawa da kwanduwar ƙwai. To amma duk waɗannan siffofin cutar da ta nuna ce. A yaro ɗan shekara biyar mai RP baƙaƙen zanen nan ƙila ba su fito ba tukuna, ɗan shekara bakwai mai Stargardt hotonsa zai iya zama kamar na kowa, haka ma jariri mai LCA. Don haka idan aka ce muku hoton launi lafiya yake alhali yaro ba ya gani kuma gilashi bai gyara ba, ba a gama ba. Ku tambayi mataki na gaba.

Hoton launi yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba, shi ne kore cututtukan da ba na gado ba. Tabon ƙwayar cutar toksofilasma da yaro ya samu tun a ciki, ko ɗigo-ɗigon da rubela, wato ƙyandar Jamus, ke bari, a nan ake gane su. Ga mai sikila kuwa, sababbin jijiyoyin da ke tsirowa su yi zubar jini a can gefe suke, an fi ganinsu a masu SC, shi ya sa ake ba da shawarar a fara duba bayan idon yaro mai sikila daga shekara 10 ko da bai yi ƙorafin komai ba.

Mataki na biyar: OCT

Idan kuɗinku hoto ɗaya kawai zai iya biya, a ganina wannan ne. An ƙirƙiro fasahar a 1991 a jami'ar MIT ta Amurka, a ɗakin binciken James Fujimoto. Hoton launi yana kallon retina daga sama ne, OCT kuwa tana nuna ta a yanke, kamar an yanka albasa biyu ana kallon ɓawonta hawa-hawa, sai dai da haske ake yankan, ba abin da ke taɓa ido. Kaurin retina a tsakiya bai wuce rubu'in milimita ba, amma na'urar tana rarrabe abin da ya kai kusan maikuron 5, wanda ya fi silin gashi siranta sau goma ko fiye. Hasken da take amfani da shi ba mai kashe ido ba ne, har yaron da ba ya jure rana yakan zauna mata.

Yaro zai ɗora haɓa, ya kalli wata 'yar alama a cikin na'urar, a ɗauka cikin daƙiƙoƙi. Idan idonsa na rawa, ku roƙi mai ɗauka ya yi layi ɗaya mai sauri da ya ratsa daidai tsakiyar makula, a maimaita har a samu mai kyau, maimakon dogon sikanin da motsi zai lalata. Yara masu rawar ido sukan sami wata karkatar kai da rawar ke lafawa a cikinta, a bar su su karkata.

Ku ce wa likita ya juyo muku allon. Za ku ga layuka farare da baƙaƙe a jere, da ɗan kwari a tsakiya. Kusa da ƙasa akwai wani siririn farin layi da a rahoto ake rubuta shi EZ. Shi ne shaidar ƙwayoyin gani masu rai. A lafiyayyen ido yana miƙe daga wannan gefe zuwa wancan ba yankewa. A RP yana ɓacewa daga gefe biyu, ya rage guntu a tsakiya, kuma tsawon guntun nan shi likita zai riƙa aunawa shekara bayan shekara. A Stargardt akasin haka ne, tsakiya ke fara yankewa gefe yana nan, kuma OCT kan nuna sauyin tun hoton launi bai nuna komai ba.

Akwai ciwon da ke kama yara maza ta wajen uwa, inda retina ke tsagewa gida biyu, a takarda XLRS. Da yawa daga cikin yaran nan an daɗe ana ɗaukarsu masu ragon ido, wato idon da bai koyi gani sosai ba, ana rufe musu ido ɗaya da filasta ba ci gaba. A OCT abin ba ya ɓuya: za a ga ramuka a jere a tsakanin layukan, da 'yan ginshiƙai a tsakaninsu. A zabiya kuma, kwarin nan na tsakiya ne bai samu ba tun farko, layukan sun wuce a shafe, kuma wannan yana bayyana rawar ido da raunin ganinsu, har da yaran da fatarsu ba ta yi fari sosai ba.

OCT kuma tana kama abin da ake iya magancewa. Wasu masu RP ruwa kan taru musu a makula ya ƙara dusashe gani, ana kuma rage shi da maganin ɗigawa na dorzolamide ko ƙwayar acetazolamide. A nan ku sake tuna wa likita idan yaron yana da sikila, domin ana guje wa acetazolamide ga masu ita.

Mataki na shida: hoton ƙyalli, FAF

A ƙarƙashin ƙwayoyin gani akwai wani layin ƙwayoyi da ke ciyar da su, yana kuma kwashe sharar da suke zubarwa kullum. Sharar nan, lifofusin, tana ƙyalli idan aka haska ta da shuɗin haske. Hoton baƙi da fari ne, kuma karatunsa ba wuya: inda ya yi fari fiye da kima shara ta taru, ƙwayoyi suna cikin wahala, inda ya yi baƙi ƙirin sun riga sun mutu. Ba a yin allura.

A RP akan ga farin zobe kewaye da tsakiya. Zoben shi ne iyaka tsakanin inda ke aiki da inda ya lalace, kuma yana tsukewa da shekaru. A Stargardt ɗigo-ɗigon da ba su fito a hoton launi ba suna bayyana farare. A yaran da matsalarsu ke ƙwayar halittar RPE65, hoton gaba ɗaya yakan fito dusu-dusu kamar na'ura ta lalace, domin idonsu ba ya samar da sharar sosai. Ƙwararren likita idan ya ga haka tare da OCT mai kyan gani a yaro mai tsananin dundumi, ya san inda zai dosa.

Shuɗin hasken yana da ƙarfi, yara ba sa sonsa. A bar shi ya zama na ƙarshe cikin hotuna, a ɗauki kaɗan, musamman idan ana zargin Stargardt. Shawara kuma: uwa ta zauna ita ma a ɗauke ta. A cututtukan da ke bi ta wajen uwa zuwa 'ya'ya maza, kamar koroidarimiya da wani nau'in RP, idon uwar yakan nuna dabbare-dabbare a wannan hoto duk da tana gani lafiya, kuma hakan kan warware yadda ciwon ke tafiya a dangi tun ba a yi gwajin jini ba.

Tsohon hoton nan da ake yi wa mutum allurar rini a jijiya, fitsarinsa ya koma ruwan ɗorawa na kwana ɗaya, yanzu ba a cika buƙatarsa a nan ba, sai idan ana zargin yoyon jijiyoyi, kamar a sikila.

Mataki na bakwai: ERG

Wannan ba hoto ba ne, amma jagorar ba ta cika sai da shi. Hotuna suna nuna siffa, ERG yana auna wutar da retina ke fitarwa idan haske ya faɗa mata. Akan manna 'yan wayoyi a fatar ƙasan ido, ko a shimfiɗa siririn zare a cikin fatar ido. A ƙa'ida yaro zai zauna a duhu minti 20 a gwada ƙwayoyin dare, sannan minti 10 a haske a gwada na rana. Uwa ta shiga ɗakin da shi, ta riƙe shi tana ba shi tatsuniya, kuma kada kowa ya kunna waya, haskenta kaɗai ya isa a sake ƙirga daga farko. Akwai ƙananan na'urori na hannu da ke sauƙaƙa wa ƙananan yara.

Idan ERG da hotuna rana ɗaya ne, ERG ya kamata ya riga hotuna masu walƙiya, ko a ba ido hutun aƙalla rabin awa a tsakani. A jariri mai LCA layin yakan kwanta shafe ko da bayan ido na da kyan gani. A yaron da ba ya ganin launi kwata-kwata kuma rana na damunsa, amsar rana ce ta ɓace, ta dare tana nan. Akwai kuma dundumin haihuwa wanda ba ya ƙaruwa har tsufa, kuma ERG ne ke raba shi da RP. Bambancin nan babba ne ga iyaye.

Idan yaron jariri ne ko ya ƙi zama

Jariri ana naɗe shi da zane, a sa masa maganin kashe zafi a ido, a ɗauka da kyamarar hannu irin RetCam da ake ɗorawa a kan ido, da OCT ta hannu inda ake da ita. 'Yan shekara ɗaya zuwa uku su ne masu wuya, sun fi ƙarfin naɗewa, ba su kai jin magana ba. A nan akan sa su barci. Ku bi umarnin hana abinci daidai yadda aka ba ku, yawanci awa 6 ga abinci da awa 4 ga nonon uwa, ku kuma faɗi idan yana mura ko tari. Tun kafin ranar ku tambaya me da me za a yi, a haɗa duk gwajin da za a iya a barci ɗaya.

Mataki na takwas: haɗa sakamako da gwajin gado

Hotuna sukan kai likita ga rukunin ciwon, gwajin ƙwayoyin halitta ne ke faɗin ainihin sunansa. Ana ɗibar jini ko yawu, sau da yawa a aika ƙasar waje, sakamako ya ɗauki makonni ko watanni. A manyan cibiyoyi ana gano dalilin a kusan mutum 6 zuwa 7 cikin 10, kuma ga 'yan asalin Afirka adadin yakan yi ƙasa da haka domin ba a yi nazarin jininmu sosai ba. Saboda haka idan sakamako ya dawo ba a ga komai ba, bai soke abin da hotuna suka nuna ba. Ku tabbatar an aika bayanin hotunan tare da jinin, domin da su ɗakin gwaji ke tantance ko tangarɗar da ya gani ita ce mai laifin.

Game da magani, gara a faɗi gaskiya. A Disambar 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Luxturna, maganin gyaran ƙwayar halitta da ake zubawa ƙarƙashin retina, amma ga masu tangarɗar RPE65 daga iyaye biyu kaɗai, kuma sai OCT ta nuna akwai sauran ƙwayoyi masu rai. An sa masa farashin dala 850,000 na ido biyu. Sauran nau'o'in ana kan bincike. Duk wanda ya ce muku yana da ƙwaya ko ruwan ɗigawa da ke warkar da RP, kuɗinku yake so. Kada kuma a ɗura wa yaro bitamin A mai ƙarfi don an ji yana maganin dundumi kafin a san nau'in ciwon, domin a Stargardt ana gudun ya ƙara yawan sharar da ke kashe ƙwayoyin.

Kafin ku tashi daga gaban likita, ku nemi amsar waɗannan: ciwon mai ƙaruwa ne ko tsayayye? Akwai buƙatar gwada ji, ko ƙoda, ko ganin likitan ƙwaƙwalwa? Su wa za a kawo cikin ƙanne da yayye? Me za a rubuta wa makaranta? Yaron da tsakiyar ganinsa ta taɓu yana buƙatar manyan haruffa, gilashin ƙara girma da zama kusa da allo. Mai dundumi yana buƙatar fitila mai kyau da hanyar banɗaki da ba a ajiye mata kaya. Wanda rana ke damu, tabarau mai duhu ko mai jan launi kan sauya masa rayuwa.

Mataki na ƙarshe: ajiye hotuna da komawa

Takardar da aka buga muku takan koɗe da daɗewa, kuma ba ta ɗauke da duk abin da na'ura ta kama. Ku tafi da filash ku roƙi a zuba muku hotunan, ko aƙalla ku ɗauki allon da wayarku a miƙe, sunan yaro da kwanan wata suna fitowa, ku aika wa kanku ta imel don kada waya ta ɓace da su. Hoton farko shi ne ma'aunin duk na bayansa, kuma idan wata rana aka buɗe gwajin magani ga nau'in ciwon ɗanku, tarihin hotunan za a fara nema.

Akasari ana komawa sau ɗaya a shekara, ko duk wata shida idan akwai ruwa a makula ko ana shan magani. Ku yi ƙoƙari a maimaita a kan na'ura iri ɗaya, domin awon kamfani ɗaya ba ya yin daidai da na wani, kuma na'urori da yawa suna iya komawa daidai layin da aka ɗauka bara idan an nemi haka. Ba a jiran ranar alƙawari idan yaro ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen abubuwa suna yawo masa da yawa farat ɗaya, ko wani labule ya rufe masa gefe guda. Ga masu XLRS da masu sikila wannan na iya nufin jini ya zuba ko retina ta ɓamɓaro, kuma aikin gyaranta kwanaki kaɗan yake bayarwa.